Lafiya Uwar Jiki: Tsakanin Horar da Numfashi da Damben Sannu na Ƙasar Sin

Duk wanda ya yi sammako ya shiga ɗaya daga cikin manyan lambunan shaƙatawa na birnin Beijing, babban birnin ƙasar Sin, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, zai tarar da jama'a iri biyu sun riga shi zuwa. Iri na farko suna tsaye cik a gindin itatuwa, ko kuwa suna zaune bisa benci, idanunsu a lumshe, ba abin da ke motsi a jikinsu sai ciki, yana tasowa yana komawa. Iri na biyu kuwa sun yi sahu-sahu a fili, yawancinsu tsofaffi, suna ɗaga ƙafa suna ajiyewa, suna kai hannu suna janyewa, a hankali ƙwarai kamar masu tafiya a cikin ruwa. Baƙo zai yi tsammanin na farkon gyangyaɗi suke yi, na biyun kuma rawa suke koyo. Alhali kuwa na farkon numfashinsu suke horarwa, watau wani reshe na abin da mutanen Sin suke kira Cigong, na biyun kuwa dambe suke yi, wanda ake kira Taici, sai dai dambe ne da aka rage wa sauri har ya zama ba ya cutar da kowa.

Dukansu biyu abu ɗaya suke nema, watau kwanciyar hankali da lafiyar jiki. Hanyoyin nan biyu sun daɗe da ƙetare iyakar ƙasar Sin, har likitoci a Turai da Amurka sukan ba marasa lafiya shawarar su gwada su, ga shi kuma wayar hannu ta kawo hotunansu har cikin ɗakunan jama'a. Saboda haka batun wannan mako shi ne tambayar da mutum mai fama da yawan tunani, da saurin fushi, da rashin barci yakan yi: ga lokaci kaɗan, ga hidimomi da yawa, wanne ya kamata a kama? Amsar a taƙaice ita ce zaɓin ya dogara ne ga irin gajiyar da ke damun mutum, da shekarunsa, da abin da zai iya dawwama a kansa. Wanda ya zaɓi abin da bai dace da shi ba yakan yi mako biyu ya watsar, sa'an nan ya riƙa faɗi cewa duk tatsuniya ce, ya koma cikin damuwarsa.

Abin da ake so a kwantar

Kafin a zaɓi magani, lalle ne a san cuta. A cikin shekarar 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard ta Amurka, mai suna Walter Cannon, ya bayyana abin da ke faruwa ga dabba ko mutum in ya gamu da abin tsoro. Nan take jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya bar hanji ya nufi damatsa da cinyoyi, domin mai jikin ya sami ƙarfin yin faɗa ko kuwa ƙarfin gudu. Wannan shiri yana da amfani ƙwarai ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, gama da zarar ya tsira sai jikin ya koma yadda yake.

Matsalar mutumin birni ita ce kurarsa ba ta tafiya. Kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da bashi, da cunkoson motoci, da faɗan shugaba a wurin aiki, kowannensu yakan tayar da wannan shiri, ga shi kuwa ba wanda za a doka, ba kuma inda za a gudu. Sai jiki ya wuni a ɗaure, kafaɗu su sandare, barci ya ƙaurace, in abin ya daɗe kuma ya taimaka wajen kawo hawan jini. Amma jiki yana da nasa birki. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya, ta kai ga zuciya da huhu da hanji, wadda likitoci suke kira vagus, ma'anarsa mai yawo a harshen Latin. Aikinta ya haɗa da rage bugun zuciya da mai da jiki ga hutu. Horar da numfashi da Taici, kowannensu hanya ce ta taka wannan birki, sai dai kowanne da ƙofar da yake shiga.

Hanya ta farko: numfashi

Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta rage bugu, ba ya kuma iya cewa hanjinsa ya tsaya. Numfashi ya sha bamban da su, domin yana tafiya da kansa ko mutum yana barci, amma kuma mai shi yana iya karɓar linzaminsa duk sa'ad da ya ga dama. Daɗin daɗawa, akwai dangantaka tsakaninsa da zuciya wadda kowa zai iya jarrabawa da yatsa a kan jijiyar wuyan hannu: in an shaƙi iska bugun yakan ɗan ƙaru, in an fitar da ita yakan ɗan ragu. Wannan ne ya sa kusan dukan dabarun numfashi suke tsawaita fitar da iska fiye da shaƙarta.

Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana zaune. Masu bincike a Jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya sun nuna a shekarar 2001 cewa in aka rage shi zuwa kamar sau 6 a minti, sai ya yi daidai da wani hawa da sauka da ƙarfin jini yake yi da kansa kusan kowane daƙiƙa 10, wannan kuwa yakan ƙarfafa na'urar da jiki yake daidaita jini da ita. Tun kafin wannan, a shekarar 1975, wani likitan zuciya na Harvard, Herbert Benson, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa zama shiru na minti 10 zuwa 20, tare da numfashi a hankali da maimaita kalma ɗaya a zuci, yana rage bugun zuciya da yawan iskar da jiki yake ƙonawa. A watan Janairu na shekarar 2023 kuma masana a Jami'ar Stanford suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum ɗari da 'yan kai na tsawon wata guda, minti 5 kacal kowace rana. Waɗanda aka sa su shaƙa sau biyu a jere ta hanci, sa'an nan su saki doguwar ajiyar zuciya ta baki, su ne suka fi samun sakin rai. Gwajin ƙarami ne, amma ya dace da abin da kowace uwa ta sani game da ajiyar zuciyar yaro bayan ya gama kuka.

Mutanen Sin da na Indiya sun riga masanan nan sanin amfanin abin da ƙarnuka masu yawa, ko da yake bayaninsu dabam ne. Indiyawa suna da nasu darussan numfashi a cikin yoga. A ƙasar Sin kuwa sunan Cigong ya bazu ne a cikin shekarun 1950 ta hannun wani ma'aikacin gwamnati mai suna Liu Guizhen, wanda gyambon ciki da rashin barci suka kwantar, aka sallame shi ya koma ƙauyensu, inda wani dattijo ya koya masa numfashin ciki. Da ya sami sauƙi sai hukuma ta buɗe masa wurin jinya a birnin Tangshan, daga baya kuma a Beidaihe da ke bakin teku.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Mutum ya zauna, bayansa a miƙe, ya ɗora hannu ɗaya bisa ƙirji, ɗaya bisa ciki. Ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga 4 a zuci, ya bar cikin ya taso, ƙirjin kuwa ya zauna kusan yadda yake, domin tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki shi ake so ya yi aikin. Sa'an nan ya saki iskar sannu a hankali yana ƙirga 6. Shaƙa da fitarwa sun ci daƙiƙa 10 ke nan, watau sau 6 a minti. Ya yi haka na minti 5, in ya saba ya kai 10. Ba a bukatar malami, ko fili, ko tufa ta musamman, ko kwabo. Ana yin sa a ofis, da cikin mota in an tsaya, da kan gadon asibiti.

Amma shi ma yana da nasa aibu. Na farko, masu koyo da yawa suna zaton ana nufin a cika huhu da ƙarfi da sauri. Wanda ya yi haka yakan fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya ɗebe shi, yatsu da leɓe su riƙa tsikari, ya tsorata. Abin da ake so shi ne numfashi a hankali, mai taushi, wanda na kusa ba zai ji ƙararsa ba. Na biyu, akwai mutanen da in suka zauna shiru sai tunani ya yi musu taron dangi, wasu masu ciwon firgita ma sauraron numfashinsu ƙara musu tsoro yake yi. Na uku, numfashi ba ya ƙara wa ƙafa ƙarfi ko kaɗan, ba kuma ya maye gurbin motsa jiki na minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar kowane baligi ya yi.

Hanya ta biyu: damben sannu

Cikakken sunan Taici a harshen Sin yana ƙarewa da wata kalma mai ma'anar dunƙulallen hannu, wannan kuwa ya isa shaida cewa asalinsa faɗa ne. Masana tarihi da yawa suna danganta shi da wani ƙauye na zuriyar Chen a lardin Henan, da wani tsohon hafsan soja mai suna Chen Wangting wanda ya rayu a ƙarni na 17, zamanin faɗuwar daular Ming. Zuriyar ta riƙe abin a matsayin gadon gida, har zuwa lokacin da wani baƙo daga lardin Hebei, Yang Luchan, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1872, ya zauna a ƙauyen shekaru da dama ya koya, sa'an nan ya kai shi Beijing ya koyar da 'ya'yan sarauta da dakarun fada. Jikansa Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, shi ne ya rage tsalle-tsalle da buga ƙafa da naushin bazata, ya mai da shi motsi mai faɗi, mai tafiya bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan salo shi ne ya fi yaɗuwa a duniya.

Salon Yang na asali doguwar jerin motsi ce, wadda wasu suke ƙirga ta 108, tana kuma cin minti 20 ko fiye. Saboda haka a shekarar 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tara gwanaye suka taƙaita shi zuwa motsi 24, wanda ake gamawa cikin kamar minti 6, domin ma'aikata da ɗalibai su iya. A 1964 wani almajirin Yang Chengfu mai suna Cheng Man-ch'ing ya koma birnin New York da nasa taƙaitaccen salo mai motsi 37, ya koyar da Amurkawa. A watan Disamba na 2020 kuma Hukumar Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Kowane motsi yana da suna, kamar farin zalɓe ya buɗe fikafikansa, da kama wutsiyar gwara, da tsefe gezar dokin jeji, da kaɗa hannuwa kamar gajimare. A ƙarƙashin kowane suna akwai kariya ko turi ko kayarwa, kamar yadda ɗan damben gargajiya yake da hannun kariya da hannun duka. Amma mai neman natsuwa ba ruwansa da abokin karawa. Aikinsa shi ne ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ya saki kafaɗu, ya ɗauke nauyin jikinsa gaba ɗaya daga wannan ƙafa ya mai da shi bisa waccan ba tare da gaggawa ba, ƙugu yana juyawa, hannuwa suna bin sa, numfashi kuma yana daidaita da kansa.

A nan ne sirrin kwantar da hankalinsa yake. Wanda yake ƙoƙarin tuna motsin da ke biye, yana lura da inda diddigensa zai sauka, yana kuma kiyaye kada ya karkace, ba shi da sauran wuri a ransa da zai ajiye tunanin bashi. Zuciyar da ta ƙi zama shiru in an ce ta zauna, takan natsu in an ba ta ɗan aikin da zai cika ta ba tare da ya wahalar da ita ba.

Abin da ya fi ɗaukaka Taici a idon likitoci kuwa shi ne batun faɗuwar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su ne suka fi yawa a ciki. Kowa ya san tsohon da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, daga nan bai sake tashi ba. A 1996 masu bincike na Jami'ar Emory da ke Atlanta suka gwada mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, suka tarar waɗanda suka yi mako 15 suna koyon motsi 10 na Taici, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2018 aka buga wani gwaji mafi girma da aka yi a jihar Oregon da tsofaffi 670, awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Masu Taici sun faɗi ƙasa da masu miƙe gaɓoɓi kawai da kashi 58 cikin 100.

Har ila yau, a 2016 likitocin Tufts a birnin Boston sun gwada mutum 204 masu amosanin gwiwa, suka ga mako 12 na Taici ya rage ciwo daidai da gashin ƙashi na asibiti, ya kuma fi shi rage ƙuncin rai. A farkon 2024 kuma aka buga gwajin da aka yi a ƙasar Sin da mutum 342 waɗanda jininsu ya fara hawa amma bai kai matsayin cuta ba. Bayan shekara guda suna yin awa ɗaya sau huɗu a mako, lambar sama ta awon jinin masu Taici ta sauka da kamar maki 7, ta masu sassarfa da saurin tafiya da hawan keke kuwa da kamar maki 4 da rabi.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai karatu ya lura da tsawon lokacin da gwaje-gwajen nan suka ɗauka: makonni ne da watanni, kuma a gaban malami. Motsi 24 ɗin nan da ake gamawa cikin minti 6, koyonsa yakan ci watanni. A makonnin farko mai koyo ba ya samun wata natsuwa, sai dai ciwon cinya da haushin mantuwa. Gwanayen malamansa ba su da yawa a ƙasar nan, wanda kuma ya dogara ga hoton waya kaɗai ba shi da mai gyara masa tsayuwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin gwiwa ta karkata ciki, ko durƙusawa ƙasa sosai don kwaikwayon gwanaye, sai a je neman lafiya a komo da ciwon gwiwa. Ƙa'idar ita ce gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, a kuma tsaya sama-sama har ƙafa ta yi ƙwari.

Yadda za a zaɓa

To, da yake an ga ƙarfin kowanne da rauninsa, sai mutum ya yi wa kansa tambayoyi uku.

Ta farko, yaya yake wuni? Ɗan dako, da manomi, da makaniki, da matar da ta wuni tsaye a kan girki da wanki, jikinsu ya riga ya sami motsi har ya yi yawa. In dare ya yi abin da suke bukata shi ne su kwanta, su sauke numfashi, barci ya zo. A ce musu su tashi su ƙara tsayuwa bisa ƙafa ɗaya, an ɗora wa jaki kaya bisa kaya. Amma akawu, da tela, da direban doguwar hanya, da mai aikin kwamfuta, gajiyarsu ta zama ce: ƙwaƙwalwa ta yi zafi, jiki kuwa ya yi tsami don rashin motsi. In aka ce wa irin wannan ya sake zama ya rufe ido, an ƙara masa abin da ya riga ya ishe shi. Shi damben sannu ya fi dacewa da shi.

Ta biyu, yaushe damuwar take zuwa? In tana zuwa ne farat ɗaya, kamar fushi a cikin cunkoson motocin Legas, ko faɗuwar gaba kafin jarrabawa, ko kafin shiga gaban alƙali, to, numfashi ne kaɗai zai yi amfani, gama ba mai fita daga mota ya buɗe fikafikan zalɓe a kan gada. In kuwa damuwar ta zama abokiyar zama, ana kwana da ita ana tashi da ita shekara da shekaru, to, tana bukatar abin da zai sake tsarin yinin mutum, ya fitar da shi waje da sassafe, ya haɗa shi da jama'a. Haɗuwa da abokan koyo ma wani ɓangare ne na maganin, musamman ga wanda ya yi ritaya, gida ya yi masa faɗi.

Ta uku, shekarunsa nawa, kuma yaya ƙafafunsa suke? Wanda ya haura 60, ko ya fara dafa bango in zai sa wando, ko ya taɓa faɗuwa, shi kam ma'auni ya rinjaya wajen Taici, domin zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wanda kuwa ciwo ya kwantar, ko jiri yake damunsa, ko aka yi masa aiki bai daɗe ba, sai ya fara da numfashi, ya bar tsayuwa sai likita ya yarda.

Akwai kuma hanya ta tsakiya ga wanda bai sami malami ba, zama shiru kuma ya gagare shi. Mutanen Sin tun asali ba su raba numfashi da motsi ba. A shekarar 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin Miladiyya, aka sami ƙyallen siliki mai ɗauke da zanen mutum 44, maza da mata, suna miƙa da lanƙwasa jiki don neman lafiya. Daga cikin irin waɗannan darussa da suka wanzu akwai wanda ake kira Baduanjin, ma'anarsa ƙyallen alharini takwas, wanda hukumomin ƙasar Sin suka daidaita tsarinsa a 2003. Motsi 8 ne kawai, ana yin su a tsaye wuri ɗaya, kowanne ana maimaita shi tare da shaƙa da fitarwa, duka kuma bai wuce kwata na awa ba. Haddace shi ya fi na Taici sauƙi nesa ba kusa ba, filin tabarma ɗaya kuma ya ishe shi.

Gargaɗi

Ko wanne aka zaɓa, akwai iyakar da bai kamata a tsallake ba. Mai hawan jini, wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kada ya kuskura ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa don ya ji jikinsa ya yi sauƙi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma maki 7 ɗin da aka ambata an same shi ne ga waɗanda cutar ba ta riga ta kama ba. Haka nan mai asma ba ya rabuwa da abin shaƙarsa. Ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da baƙin cikin da ya kai mutum ga ƙin abinci ko tunanin hallaka kansa, waɗannan na asibiti ne, ba a jinkirta su. Mai ciki da mai ciwon zuciya su guji dabarun da ake riƙe numfashi na tsawon lokaci, kuma kada kowa ya gwada irin wannan a cikin ruwa ko yana tuƙi.

A kuma yi hattara da masu cika baki. A cikin shekarun 1980 ƙasar Sin ta cika da masu da'awar cewa suna warkar da cuta daga nesa da ƙarfin Cigong, suka tara dubban mabiya da dukiya mai yawa, marasa lafiya da dama kuma suka bar asibiti suka bi su. A shekarar 2017 wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kara da wani mai kiran kansa gwanin Taici a birnin Chengdu, ya kayar da shi cikin 'yan daƙiƙu a gaban jama'a. Saurayin da finafinan faɗa suka ruɗa, yake zaton motsin sannu zai mai da shi gagara-badau, gara ya san haka tun da wuri. Abin da likitoci suka auna suka tabbatar shi ne ƙarfin ƙafa, da daidaiton tsayuwa, da saukar jini kaɗan, da sakin rai. Duk malamin da ya yi alkawarin abin da ya wuce wannan, aljihun ɗalibi yake kallo.

Daga ƙarshe, wanda har yanzu yake wasi-wasi sai ya fara da numfashi yau da dare, tun da ba ya cin kuɗi, ya ba shi mako biyu, minti 5 da safe, minti 5 kafin barci. In ya ga barcinsa ya gyaru, fushinsa ya ragu, to, ya sami abinsa, sai ya haɗa da tafiyar ƙafa don jiki ya sami rabonsa. In kuwa ya ga zaman yana ƙara masa tunani, kada ya ce hanyar ƙarya ce, kada kuma ya zargi kansa. Alama ce cewa shi mai natsuwa ne ta hanyar motsi, sai ya tashi ya nemi mai koya masa, ya yi haƙurin watannin farko. Tsofaffin lambunan Beijing da baƙo yake gani suna tsaye bisa ƙafa ɗaya ba tare da sun girgiza ba, abin da ya kai su nan shi ne fitowa kowace safiya, da sanyi da zafi, shekara da shekaru. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.